Hattara da Mashigar Babban Titi Lokacin Dusar Ƙanƙara

Malam Edita,

 Ga jan kunne ga 'yan'uwa sababbin zuwa Kanada da arewacin Amurka.

Lanƙwasassun hanyoyin hawa da sauka babban titi sun fi ko'ina santsi a hunturu. Da yawansu gadojin sama ne, sanyi na dukan su ta sama da ta ƙasa, sai su daskare tun kafin sauran kwalta. Ƙanƙarar kuwa siririya ce, ido ba ya ganin ta. A ranar 11 ga Fabrairun 2021, motoci fiye da 130 suka yi karo a kan irin wannan gadar a titin I-35W na Fort Worth, mutum shida suka rasu.

Direban kirki tun kafin kwana yake rage gudu, domin birki a tsakiyar kwana shi ke juya mota. Idan bayanta ya zame, sai ya ɗaga ƙafa daga totur, ya karkata sitiyari inda yake son zuwa.

Ga kuma taya. A lardin Kebek, doka ta tilasta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Masu ƙyashin kuɗinsu, ai na bakanike ya fi.

Naku,
Wani mai karatu, Montiriyal