Ra'ayinmu: Shagon Turi da Haƙƙin Mai Fasaha

Duk wanda ya san Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano shekaru ashirin baya zai tuna yadda dillalai ke loda kwalayen faifan fim zuwa Sakkwato da Maraɗi. Waccan kasuwar faifan fim ta mutu. Abin da ya gaje ta shi ne shagon turi: matashi da kwamfuta a kan ɗan tebur, igiyoyi sun harɗe a gabansa, yara 'yan aike sun miƙo wayoyi da memori, a tura musu fina-finai biyar a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Sau da yawa furodusan da ya ci bashi ya shirya fim ɗin ba ya ganin ko sisi.

Marubuta ma sun sha wannan ɗaci. Mace za ta kwana tana danna waya, ga girki ga raino, har ta kammala littafi, ta sa shi a zauren WhatsApp na masu biya. Mutum ɗaya ya biya, kafin gari ya waye littafin ya zaga zauruka ashirin kyauta, wani lokaci har da sauya sunan marubuciyar. In ta yi magana a ce mata ai tallata ta ake yi.

Masu turi suna da tasu hujjar, kuma ya kamata a saurare ta. Gidajen sinima a Arewa ba su taka kara sun karya ba, data na da tsada, kuma mai kallo a ƙauye ba shi da wata halattacciyar hanya mai sauƙi ta samun sabon fim. Wasu ƙananan mawaƙa da ƙafarsu suke kai waƙa shagon turi don ta shiga gari. Dubban matasa da wannan sana'a suke ciyar da gida.

Masana'antar fim kanta ba ta wanke hannu ba. Tun bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, fina-finai nawa aka kwaso labarinsu da kiɗansu daga Indiya ba tare da izini ba, har abin ya samu suna, wankiya? Wanda ya ɗauki na wani bai kamata ya fi kowa ɗaga murya in an ɗauki nasa ba.

Duk da haka, talaucin mai saye ba ya halatta gumin mai yi. Doka kuwa ta fito fili. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, fim da sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitarsu. Haƙƙin yana tabbata da zarar an kammala aikin, ko an yi rajista ko ba a yi ba. Ta kuma ba mai fasaha damar neman a sauke aikinsa da aka ɗora a intanet ba da yardarsa ba. Matsalar ita ce marubuciyar da muka ambata ba ta san da wannan ba, mai turin ma haka.

A ra'ayinmu, kamen yaro mai kwamfuta ɗaya ba zai magance komai ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ta fassara dokar zuwa Hausa, ta kai ta gidajen rediyo, ta kuma fara da manyan da ke kwasar fina-finan mutane suna zuba su a YouTube suna karɓar dala. Ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta zauna da masu turi a tsara lasisi da kaso bayyananne, yadda kowane turi zai mayar wa mai fim wani abu. Furodusoshi su daina hulɗa da mawaƙa da marubutan labari da fatar baki, a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu.

Kai kuma mai karatu, in littafin kuɗi ya faɗo wayarka kyauta, kada ka tura shi gaba. Nemi mai shi ka biya ta.