Injin iska mai shan mai ko marar mai: abin da tallan Facebook ba ya faɗa wa matasan Tudun Wada

Duk wanda ya taɓa neman farashin kwamfuresa a Facebook ko TikTok sau ɗaya ya san abin da ke biyo baya. Sai wayarsa ta yi kwanaki ba ta huta ba. Bidiyo bayan bidiyo na wani ɗan farin inji mai kai biyu, an kunna shi kusa da mutum yana amsa waya don a nuna ba ya ƙara, ga rubutu a ƙasa cewa ba ya shan mai, ba ya buƙatar gyara, a turo kuɗi kawai a kawo shi har Zariya. Matashin da ya gama koyon sana'a, ya kama ɗan shago a Tudun Wada da kuɗin adashin da ya yi wata da watanni yana zubi, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka wannan shi ne sabon yayi, tsohon injin nan mai bel da ke gaban masu faci kuma ya zama kamar waya mai madannai a zamanin Android.

Wannan kwatancen shi ne kuskuren farko. A harkar waya, sabuwa takan fi tsohuwa ta kusan kowace fuska. Injin iska ba haka yake ba. Mai shan mai da marar mai kayan aiki ne guda biyu da aka ƙera don ayyuka daban, kuma har yau ana ƙera dukkansu. Ga yawancin sana'o'in da ke bakin titunan Tudun Wada, daga Ƙofar Doka zuwa Agoro, wato faci da fentin mota da gyaran jikinta da kafintanci mai yawa, mai shan mai ne ya dace. Marar mai yana da nasa wurin, kuma a wurin nan babu mai ja da shi, sai dai wurin bai kai faɗin da 'yan talla ke nunawa ba.

Aikin da suke yi ɗaya ne. Fistin yana hawa yana sauka cikin silinda, ya zuƙo iska, ya matse ta, ya tura cikin tanki har ta kai matsin da aka saita, wanda a ƙananan injuna yawanci bar 8 ne, kimanin psi 116. Tayar ƙaramar mota psi 30 zuwa 35 take ɗauka, saboda haka ta fuskar matsi kowanne ya wadatar. Inda suka rabu shi ne yadda ake hana fistin cin bangon silinda. Mai shan mai yana da mai a ƙasansa kamar injin babur, yana fantsama yana shafa ƙarfen yana rage masa zafi. Marar mai kuwa zoben fistin ɗinsa an yi shi ne da Teflon, sinadarin nan mai santsi da ake shafa wa kaskon suya don kada ƙwai ya kama, wanda Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1938. Santsin zoben ne ke maye gurbin mai. Amma zoben cinyewa yake yi a hankali. Mai idan ya tsufa sai a yi juye. Zobe idan ya cinye sai an nemo sabo daidai awon injin, kuma a nan ake yin ta.

Wanda ya ɗauki bidiyon tallan a ɗaki mai tayil da fanka bai san hunturun Zariya ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke sauka kan gilashin waya cikin awa guda ita ce injin zai yini yana shaƙa. Da yawa daga cikin ƙananan injuna marasa mai ƙasan fistin ɗinsu a buɗe yake, fanka tana hura masa iska don ya huce, kuma iskar ba ta zuwa ita kaɗai. Ƙurar takan kwanta a bangon silinda ta riƙa goge zoben kamar sanfefa. A mai shan mai wurin a rufe yake, abin da ya samu shiga yakan gauraya da man, ranar juye su fita tare. Idan aka ƙara da garin katako na shagon kafinta ko ƙurar fotin da mai gyaran jikin mota ke gogewa, sai lissafin ya ƙara karkata. Sannan ga zafin Maris da Afrilu. Ƙananan marasa mai an yi su ne su yi aiki su huta, ba su yini suna juyawa ba, alhali mai bel mai kan baƙin ƙarfe a hankali yake juyawa, ya fi jure dogon aiki.

Akwai kuma maganar wa zai gyara. Injin mai shan mai ba baƙon abu ba ne ga bakanike. Wanda ya iya kwance injin babur ko janareta zai gane fistin da zobe da gasket ɗinsa, bel kuwa ana samu a Sabon Gari, abin da ya gagara a leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Zoben Teflon na injin da aka saya daga wani shafi da ya sauya suna bayan wata uku, wannan sai an dace. Injin da kayan gyaransa ba su kai kuɗin cefanen mako ba yana iya zama kujera a shago saboda an rasa su.

Masu goyon bayan marar mai suna da hujja mai ƙarfi a kan mai fenti, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Mai shan mai yakan saki ɗan burbushin mai cikin iska, musamman idan ya fara tsufa, kuma ɗigo kaɗan ya isa ya sa fenti ya yi ƙananan ramuka masu kama da idon kifi a jikin mota. Gaskiya ne. Sai dai maganin wannan matata ce da ake ɗaurawa a kan layin iska, mai tace mai da ruwa, kuma ko wanda ya sayi marar mai dole ya saye ta, domin ruwa kowane inji yana tarawa. Abin da matata ba za ta iya ba shi ne ƙara yawan iska. Bindigar feshin mota tana son lita 200 ko fiye a kowane minti ba tare da yankewa ba. Ɗan farin injin nan mai wat 750 bai cika kai lita 100 ba idan matsi ya hau. Mai fenti zai fesa rabin ƙofa, iska ta sauka, ya tsaya jira, gefen da ya fesa ya fara bushewa, aikin ya fito da tabo. Kwastoma ba zai tambayi wane inji aka yi amfani da shi ba, zai dai kai motarsa wani wuri.

Masu waya sun fi kowa sanin irin wannan yaudarar lamba. Kowa ya taɓa ganin fawa bank da aka rubuta wa 50,000 a jiki amma bai iya cika waya sau biyu. Haka ake yi da tanki da ƙarfin doki. Tanki tamkar batir ne, kan injin kuma caja. Babban batir da ƙaramar caja yana nufin dogon jira kawai. Lambar lita da ake mannawa a jiki ma sau da yawa ta iskar da fistin ke zuƙa ce, ba wadda ke fitowa ta bakin tiyo ba, ta biyun kuwa ta fi ƙanƙanta sosai.

To ina wurin marar mai? Yana nan cikin shagunan da masu karanta wannan shafi suka fi shiga. Ɗaliban Kongo da na makarantar horar da malamai da ke kusa ba sa rabuwa da fasa gilashin waya, kuma masu gyara da dama, a Tudun Wada da PZ, sun gane cewa idan gilashin sama ne kawai ya fashe ana iya ɓare shi a manna sabo a bar ainihin sikirin. Injin da ke wannan mannawa da tukunyar da ke cire kumfar iska daga tsakani, da matsattsiyar iska suke aiki. Wasu da ɗan injinsu a ciki suke zuwa, wasu sai an haɗa musu na waje. A irin wannan aiki burbushin mai abokin gaba ne, iskar da ake buƙata kaɗan ce, shagon kuma bai fi taku huɗu ba, ga kwastoma zaune ana ciniki. A nan marar mai mai shiru ya yi daidai, kuma sayen mai bel a wurin wauta ce. Haka mai yi wa kek ado da feshi, da mai buga ƙananan ƙusoshi a kujerun kushin jefi-jefi, da asibitin haƙori inda iskar bakin mutum take shiga.

Wani abu da ya kamata mai gyaran waya ya kiyaye: samun injin iska a shago ba lasisin hura wa kowace waya iska ba ne. Fatar da ke cikin makirfo da sifika siririya ce ƙwarai, iska mai ƙarfi tana iya yaga ta, kuma kamfanin Apple da kansa ya ce kada a tsabtace iPhone da matsattsiyar iska. Wasan da yaran shago ke yi na hura wa juna iska a jiki ma ya kamata maigida ya hana tun ranar farko, don ana samun mummunan rauni ta nan.

Maganar shiru ma tana da ƙarin bayani. Ba kowane marar mai ne ke da shiru ba. Masu kai biyun nan da ke juyawa a hankali su ne masu shiru, amma akwai wasu ƙanana masu gudun gaske da ƙararsu ta fi ta mai bel damun kunne. Kalmar da ke jikin kwali ba ta isa shaida ba.

Sai wuta, wadda ita ce kan yanke hukunci ko da mutum bai so ba. Injin doki 2 yana cin kusan wat 1,500 idan yana tafiya, amma a lokacin tashi yakan ja ninkin haka sau da yawa. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ko motsa shi ba zai yi ba. Idan wutar NEPA ta zo da rauni, sai a ji injin yana gurnani bai juya ba, kuma wanda ya bar shi a haka zai kai shi wurin mai naɗin kwayil. Doguwar siririyar waya daga shagon maƙwabci ita ma haka take jawowa, gara a ƙara tsawon tiyo a bar injin kusa da soket. Ta wannan fuska ƙaramin marar mai ya yi zarra, domin matsakaicin janareta ko inbata mai ƙarfi za su iya tayar da shi, abin da ba ƙaramin lamari ba ne tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Masu faci sun daɗe da warware tasu matsalar ta hanyar haɗa kan inji mai shan mai da ƙaramin injin fetur ta bel. Ba ƙauyanci ne ya sa suke haka ba, sun san tayar Keke Napep ba za ta jira a kawo wuta ba.

Wanda ya zaɓi mai shan mai kuma ya san ya sayi rariya. Zai riƙa duba idon mai kafin ya kunna, ya ajiye injin a wuri madaidaici ba a karkace ba, ya sayi man da aka yi don injin iska. Zuba baƙin man da aka juye daga mota, wanda wasu ke yi da sunan tattali, toshe bawul yake da baƙin gawayi. Wanda ya san ba zai iya wannan ɗawainiya ba ya san kansa tun da wuri.

Abu guda ya haɗa su duka, kuma shi ne wanda ke iya kisa. Iska idan aka matse ta sai ta zubar da ruwan da ke cikinta, ruwan ya kwanta a gindin tanki, abin ya fi tsanani da damina. A ƙasan kowane tanki akwai ɗan famfo da ya kamata a buɗe kullum idan an tashi aiki. Tankin da ba a zubar wa ruwa daga ciki yake tsatsa, fentin waje yana nan da kyansa. Idan ya fara yoyo ba a kai shi wurin mai walda, yar da shi ake yi, domin ƙarfen da ke kewaye da ramin shi ma ya riga ya ci. Haka injin haɗin gida da ake yi da kwamfuresar tsohon firji da tukunyar gas: yana da shiru, yana da araha, amma yana tofar da mai, kuma idan ba a sa masa bawul ɗin da ke sakin iska idan matsi ya wuce kima ba, bai kamata ya kwana a shagon da mutane ke zama ba.

Kafin a tura wa kowa kuɗi, wayar da ta kawo tallan za ta iya tantance shi. Mai saye ya nemi a ɗauko masa bidiyo guda marar yanka, daga lokacin da allurar tanki ke kan sifili har injin ya kashe kansa, ya kunna agogon wayarsa ya ƙirga. Tankin lita 50 da ya kai bar 8 ya ɗauki kimanin lita 400 na iska. Idan minti 4 ya yi, injin yana bayar da kusan lita 100 a minti, ko me aka rubuta a jikinsa. Idan a gaban injin yake, manhajar auna ƙara za ta ba shi damar kwatanta guda biyu daga nisa ɗaya. Sannan ya tambayi mai sayarwa nawa ne zoben fistin da matatar iska, ya ce a saka masa su cikin kwalin tun yanzu. Idan amsar ta zo da cewa ai wannan injin ba ya lalacewa, sai ya duba shago na gaba.