Ku Koyar Da Masu Ɗori, Zagi Ba Ya Mayar Da Hannun Yaro



Duk lokacin da aka yanke wa yaro hannu bayan ɗori, sai likitocin ƙashi su cika Facebook da zagin masu ɗori, wai jahilai ne, a hana su sana'a. Ni kuwa na gaji da wannan waƙar, domin ba ta taɓa ceton yatsa ɗaya ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ƙashi ya karye a saman gwiwar hannu. Wurin zai kumbura. Mai ɗori ya jera kara, ya ɗaure tam da tsumma. Kumburin bai da inda zai tafi, sai ya matse jijiyoyin jini. Cikin 'yan sa'o'i tsoka ta fara mutuwa. Yaro yana ihu, yatsunsa sun yi sanyi, ana cewa ai ɗorin ne ke kamawa. Lokacin da za a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, hannu ya yi baƙi, sai yanka.

Wannan ilimin fa ba sai an yi shekara shida a jami'a ake gane shi ba. A kudancin Habasha an gwada. Binciken da aka buga a 2005 ya nuna cikin shekara biyu an yanke gaɓoɓi 49, 25 daga ciki saboda ɗaurin masu ɗori. Sai aka tara masu ɗori 112 aka yi musu horo na kwana ɗaya tak. A shekara biyun da suka biyo baya, waɗanda aka yanke saboda ruɓewa suka koma 7.

To me ya hana mu? Girman kai, wallahi. Wasu likitoci suna ganin zama da mai ɗori zubar da mutunci ne. Alhali uban da ke ƙauyen Sumaila ba ƙin asibiti yake yi ba. Kuɗin mota, kuɗin hoto da kuɗin ƙarfen da za a sa ne suka fi ƙarfinsa, mai ɗori kuwa yana bakin ƙofa, kuma yana karɓar abin da ya samu.

Masu ɗori ma ban wanke ku ba. Wanda ya ga ƙashi ya ɓullo ta fata, ko yatsu sun daina motsi, ya ci gaba da shafa man shanu, ya ci amana.

Ma'aikatun lafiya na jihohi su kira sarakunan ɗori, likitocin Dala su koya musu sassauta ɗauri da gane ranar da za su ce: wannan ba nawa ba ne, ku tafi asibiti yau.