An Hana Rawa A Fili, Ta Koma Cikin Waya: Ina Samarin Bodinga Da Shagari?

Ya ku 'yan uwa matasa, a watan Yulin 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta haramta bikin nan da ɗaliban sakandare ke yi ranar gama jarrabawa, wanda suke kira "sayin-awut", a makarantun gwamnati da masu zaman kansu baki ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin wannan biki ya san irin ɓarnar da ke cikinsa: farar riga, alƙalamin maka a hannun kowa, saurayi yana rubutu a jikin rigar 'yar mutane, kiɗa na tashi, ana cakuɗa maza da mata, daga nan a hau babura a cika titi da ihu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Hanin ya yi daidai, amma kada wani ya ruɗe mu cewa an kashe maciji, domin kuwa ba a sare kansa ba. Takardar mahukunta tana iya rufe ƙofar makaranta, ba ta iya shiga aljihun ɗalibi. Rawar da aka kora daga fili tana nan cikin waya. A TikTok ake koyonta da tsakar dare, a bayan aji ake ɗaukarta, a WhatsApp ake rarraba ta. Da ma yawancin masu tiƙar rawar don idon kyamara suke yi, a ɗora, a ga mutum nawa suka kalla.

Masu kare wannan al'ada suna cewa wai yara ne, wai yini ɗaya ne kacal bayan wahalar shekara 6. To, mu tambaye su: shin bidiyon ma yini ɗaya yake yi? Hoton da ya shiga intanet ya fi ƙarfin wanda ya ɗauka. Yarinya za ta girma, manema su zo, sai wani ya tono abin da ta yi tana 'yar shekara 17. Wanda ya ɗauka yana can yana harkarsa, ita da iyayenta ke shan kunya. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, hannun da ke riƙe da wayar galibi na namiji ne. Kai da ka karɓa ka tura gaba, kana da kaso cikin zunubin, ko da kana sahun farko a masallaci. Umurnin runtse ido da ke cikin Suratun Nur bai tsaya a kasuwa ba, ya haɗa da allon wayarka.

Ku dubi ƙasar da kuke takawa. A Sifawa, cikin Ƙaramar Hukumar Bodinga ta yau, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi, mai tafsirin Liya'ut Ta'wili, ya zauna a Bodinga. Garin Shagari kuwa shi ya haifi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya riƙe alli a aji shekara da shekaru kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Waɗannan da fitilar aci-balbal suka yi karatun dare. Yau jikokinsu na da haske a tafin hannu, amma a kan me ake ƙona shi? Yaron da ya kwana yana latsa waya, Asuba ta wuce shi, ya zo aji yana gyangyaɗi, ranar jarrabawa kuma ya nemi satar amsa da ita wannan wayar.

Masu cewa wannan ƙauyanci ne, su ji. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. A 2023 hukumar UNESCO ta yi kira da a taƙaita wayoyi a makarantu. A 2024 Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a dandalin sada zumunta. Waɗanda muke kwaikwayo ke nan suna kare 'ya'yansu, mu kuwa uba zai sayar da buhun gero ya saya wa ɗansa babbar waya, ya ce ai wayewa ce.

Haka nan ba mu tare da masu cewa a tara wayoyi a farfasa. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, kowa ya ga yadda ciniki da zumunci suka tsaya. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Waya wuƙa ce, sai dai ba a miƙa wa yaro wuƙa a juya baya.

Saboda haka ga abin yi. Shugabannin makarantu su karɓi wayoyi a bakin ƙofa, su mayar bayan an tashi, kuma malami ma ya ajiye tasa in ya shiga aji. A maye gurbin rawar da walimar yaye ɗalibai, da musabaƙa da kacici-kacici da kyauta ga masu ƙwazo, maza daban mata daban, domin matashin da aka hana wa farin ciki na halal zai nemo na haram. Mahukunta su sani cewa ajin da ba malami, shi ke tura yaro ga waya. Ku kuma 'yan uwa, ku fara da kanku: bayan Isha'i a kashe waya, duk bidiyon 'yar wani da ya shigo muku ku goge, ku yi wa wanda ya turo nasiha. Ku ja ƙannenku a jiki, ku san abin da suke kallo.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mana idanunmu da mutuncin 'yan uwanmu mata.