Kura da Shan Bugu: Maganar Rabon Mai Bas

Rubutun wannan mako ya faɗo kanmu, mu masu riƙe jitar bas a ƙananan ƙungiyoyin kiɗa na Yamai. Za mu yi amfani da damar mu fito da maganar da muka daɗe muna yi ƙasa-ƙasa, lokacin da ake naɗe wayoyi ana loda lasifika a mota. Maganar rabon kuɗi ce. Ra'ayinmu shi ne a daina barin abincin mai bas a hannun sa'ar liƙi, a yanka masa rabonsa tun kafin a bar gida.

Watannin baya ƙungiyar ɗaya daga cikinmu ta je kiɗan biki a wata unguwa da ke ƙetaren gada. An toshe layi da rumfa, an jera kujerun roba, janareta na ruri a bayan katanga. Su shida ne: mawaƙi, mai jitar solo, mai jitar rakiya, mai ganguna, mai kalangu, sai ɗan uwanmu mai bas. An fara bayan isha'i. Wajen ƙarfe 11 janareta ya yi tari, wuta ta yi sama, amfilifayar bas ta yi ƙauri ta mutu. Sauran kaya ba abin da ya same su, don haka mawaƙi ya ci gaba, mai solo ma ya ci gaba. Ba a yi minti biyu ba matan da ke tsakiyar fili suka fara komawa kujeru ɗaya bayan ɗaya. Wata gwaggon amarya ta taso ta ce wa mawaƙin, "Kai ɗan nan, kiɗan naku ya yi salam, ko yunwa kuke ji ne?" Ba wanda ya dubi mutumin da ke durƙushe a baya yana lalube cikin wayoyi da fitilar salula. Da ya samu ya soka jitarsa kai tsaye cikin na'urar haɗa sauti, fili ya sake cika.

Da aka tashi, liƙi ya haura jika 90, ban da kuɗin da masu biki suka biya. Mai bas ya koma gida da jika 4 da "Allah ya sa albarka". Gyaran amfilifaya ya ci fiye da haka, kuma daga aljihunsa. Duk wanda ya taɓa rataya bas a kafaɗa yana da irin wannan labarin, wuri da rana kawai suke bambanta.

Gwaggon nan ba ta yi laifi ba. Ta ji an rasa wani abu, ta kasa sanin mene ne, kuma haka aikinmu yake. Bas tana da tsirkiya 4 masu kauri. Mafi kaurinsu tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, rabin na tsirkiyar ƙasa ta jitar da aka saba. Irin wannan sauti ƙirji da ƙafa sun fi kunne saurin kama shi. Shi ya sa mai rawa yake bin bas da jikinsa alhali idonsa na kan yatsun mai solo. Tun da Leo Fender ya fito da bas ɗin lantarki mai suna Precision a Amurka a 1951, wurin mai ita bai sauya ba: baya, kusa da mai ganga.

Wanda bai taɓa tsayawa a wurin ba zai ɗauka hutu ne. Kana ɗauke da katako mai nauyin kusan kilo 4 a kafaɗa ɗaya na awa huɗu ko biyar. Kunnenka ɗaya na kan gangar ƙafa, don duk bugun da ka yi sai ya faɗa tare da nata, ɗaya kunnen na kan mawaƙi. A kiɗan jita irin namu, wanda Turawa ke kira rok na Sahara, waƙa takan zauna a kan zagaye ɗaya na minti goma ko fiye. Idan wata hajiya ta shigo fili da bandir ɗin sababbin kuɗi, mawaƙi zai bar baitin da ya shirya ya shiga yabonta da na mijinta da na garinsu, mai solo zai tako gaba ya durƙusa a gabanta. Kai da mai ganga ne za ku riƙe zagayen ba ƙari ba ragi har ta gama. In ka yi sauri mata su rikice, in ka ja su zauna. Mai solo in ya kuskure sai ya maimaita kuskuren a ce salo ne. Naka kuskuren kuwa kowa zai ji kamar an taka rami. Sabon shiga yakan kwana da bororo a yatsu biyu na dama kafin su yi kanta.

To ga inda matsalar take. Liƙi yana bin ido. Wanda aka gani shi ake manna wa kuɗi a goshi, kuma wanda ya ambaci sunan mutum shi mutum ke buɗe wa jaka. A ƙungiyoyi da yawa, abin da aka manna wa mutum nasa ne, abin da ya zuba ƙasa kuma shugaba ne ke tattarawa ya raba yadda ransa ya ba shi. Wata rana ya kyauta, wata rana ya ce motar kaya ta cinye. Mai bas ba ya da yadda zai lissafa kuɗin hayar ɗakinsa a kan wannan tsari.

Wayar salula ta ƙara dagula mana lissafi. Kiɗan jitar Nijar ya yaɗu ne ta katin waya da Bluetooth, har kamfanin Sahel Sounds ya tattara irin waɗannan waƙoƙi a faifai a 2011, kuma ta nan mutane da yawa a waje suka fara jin Mdou Moctar. Alheri ne babba. Sai dai lasifikar waya ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya tura iskar da sautin bas ke bukata. Yaron da ya tashi yana jin kiɗa ta waya ya san kukan solo, ya san muryar mawaƙi, mu kuwa bai taɓa jin mu ba. In ya zo koyo, solo yake so, ya zama Bombino, wanda a 2019 ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa a takarar Grammy. Ba mu ga laifin burinsa ba. Amma a cikin yaran da ke zuwa wurin atisaye, da wuya ka ga wanda ya miƙa hannu ga bas da kansa. Yawanci wanda ya makara ne ake miƙa wa. In ya ga rabon da ake ba mu kuma, ba ya daɗewa.

Mun san amsar da shugabannin ƙungiya za su bayar, kuma akwai gaskiya a cikinta. Za su ce sunan mawaƙi ne ke kawo aiki, shi ake kira a waya, shi ke cin bashin lasifika, shi ke shan zagin masu biki in an makara. Haka ne, kuma ba mu ce a raba daidai wa daida ba. Za su ƙara da cewa fiyano ɗaya ta Yamaha tana fitar da bas da hannun hagu, kamar yadda aka daɗe ana haɗa waƙoƙin fim a Kano da fiyano da kwamfuta, ga kuma dije da ke zuwa shi kaɗai da jakarsa a kuɗi kaɗan. Wannan ma haka ne. Amma a tambayi masu biki me ya sa suke barin dije mai araha su kira mutum shida. Suna kiran mu ne don abin da na'ura ba ta yi: ta ga tsohuwa ta shigo fili ta sassauta mata, ta ga samari sun ɗau zafi ta ƙara musu wuta. Ƙungiyar da ta kori mai bas don ta rage baki ɗaya, ta fara sayar da abin da ya bambanta ta da dije.

A dubi waɗanda suka yi nisa. Tal National ta nan Yamai, wadda Almeida ke jagoranta, ta fitar da Kaani a 2013 ta zaga duniya da shi. A saurari yadda jitoci ke gudu a faifan, sannan a tambayi kai wa ke riƙe da su kada su watse. Etran de l'Aïr ta Agadas, 'yan uwa ne na gida ɗaya da ke kiɗan bukukuwa tun 1995, kuma haɗin kan bayansu ne ya kai su dandalin Turai da Amurka. A ƙungiyar Mdou Moctar, mai bas ɗin, Mikey Coltun, shi ne kuma ya tsara sautin faifan Afrique Victime na 2021. Wannan bai ba mu mamaki ba, domin wanda ke tsaye a baya shi ke jin kowa lokaci guda.

Abin da muke roƙo ba shi da wuya. Kuɗin da masu biki suka biya, kowa ya san rabonsa tun ranar da aka karɓi kafin alkalami. Liƙi kuma, na goshi da na ƙasa, ya shiga jaka ɗaya, a ƙirga a gaban kowa kafin a shiga mota. Shugaba ya ɗauki kaso biyu, ba mu ƙi ba. A ware kaso ɗaya na gyaran kaya, domin amfilifayar da ta ƙone a bakin aiki ta ƙungiya ce ko da mutum ɗaya ya saya. Sauran a raba. Wasu ƙungiyoyi suna yin haka tuni, kuma su ne ba ka jin mai gangarsu ya gudu ana saura kwana biyu biki.

Mawaƙa kuma, ku tuna da al'adar manyanmu. Makaɗan gargajiya sukan waiwaya a tsakiyar waƙa su ambaci mai kalangu ko ɗan amshi da sunansa, jama'a su san da shi. Baiti ɗaya ne, ba ya rage muku komai, kuma yakan sa wata hajiya ta ƙara taku uku zuwa baya.

Ku kuma masu zuwa biki, a wanda za ku je na gaba ku gwada wani abu. Ku matsa kusa da babbar lasifika, ku ɗauke ido daga mai solo na minti ɗaya, ku lura da abin da ƙafarku ke bi. In kun gano shi, yana can baya kusa da mai ganga, da jita mai dogon wuya.

Mun san akwai shugabannin ƙungiya a cikin wannan zaure, wasu ma da su muke aiki ranar Asabar mai zuwa. Ba da faɗa muka zo ba. Ku faɗa mana yadda kuke rabo a wurinku, na Maraɗi da Damagaram da Agadas da 'yan uwanmu na Najeriya, kuma wanda yake ganin mun yi son kai ya kawo hujjarsa, za mu saurara. Masu ganga, mun san naku kukan bai fi namu sauƙi ba, ku shirya naku rubutun.

Allah ya ba kowa halalinsa.