Kafin a Ɗauki Hoton Takardun Tarihi, a Gyara Fihirisarsu

A shekarar 2025 hukumar ɗakin karatun intanet ta Jami'ar Kalifoniya a Amurka ta sabunta dandalinta mai suna Online Archive of California, wanda ya tattara fihirisoshin taskokin tarihi na cibiyoyi sama da 300 a jihar, daga manyan jami'o'i har ƙananan gidajen tarihi na garuruwa. An ajiye tsohuwar manhajar da dandalin ya daɗe a kanta, aka koma kan ArcLight, manhajar kyauta da aka fara ginawa a Jami'ar Stanford. Labari irin wannan ba ya ɗaukar hankali, domin ba wata sabuwar takarda aka gano ba. Amma a ganina kuɗin da ake kashewa wajen gyara fihirisa da dandalin da ke ɗauke da ita shi ne mafi amfani a harkar adana tarihi, kuma mu da muke ɗokin ɗaukar hoton tsofaffin takardu ya kamata mu fara daga nan.

Littafi yana da suna da marubuci, kuma akwai irinsa dubbai a duniya. Takardun taska kuwa ɗaya tilo ne, suna zuwa ne cikin akwatuna: wasiƙun wani hakimi, rajistar haraji, kundin shari'ar alƙali, rahoton razdan. Fihirisar taska ita ke faɗin wanda ya samar da takardun, shekarun da suka shafa, yawansu, yadda aka jera su, da abin da ke cikin kowane akwati da kowane fayil. Idan babu ita, taskar ta zama rumbu cike da hatsi wanda ba a bar masa ƙofa ba. Shekaru da yawa waɗannan fihirisoshi suna kan takarda, an buga su da tafireta, sai wanda ya taka ya je wurin yake ganinsu. A 1993 ne Daniel Pitti ya jagoranci wani aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley wanda ya haifar da tsarin EAD, hanyar rubuta fihirisa yadda kwamfuta za ta gane wane layi ne suna, wane ne kwanan wata, wane ne lambar akwati. Sigar farko ta fito a 1998, aka sabunta ta a 2002 da 2015. Majalisar Taskokin Tarihi ta Duniya ma ta fitar da ƙa'idar bayani ta ISAD(G) a 1994. Wannan daidaiton ne ya sa ɗaruruwan cibiyoyi suke iya zuba bayanansu wuri guda, mai bincike ya rubuta suna ɗaya ya ga duk inda ya bayyana.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Wasiƙun da gwamnonin mulkin mallaka na Arewacin Nijeriya suka aika Landan suna Taskar Tarihi ta Birtaniya a Kew, ƙarƙashin lamba CO 446, kuma ɗalibi a Zariya zai iya duba bayaninsu a wayarsa ta dandalin Discovery. Rubuce-rubucen Larabci da na ajami da aka tattara daga Kano, irin tarin Umar Falke, suna ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern, kuma an shigar da bayaninsu a rumbun bayanan rubuce-rubucen Afirka ta Yamma da Charles Stewart ya fara. A gida kuwa, Taskar Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya kafa a Ibadan a 1954, tana da reshe a Kaduna mai ɗauke da fayilolin Sakataren Lardunan Arewa da na lardunan Kano da Sakkwato da Zariya. Ga Gidan Arewa da aka buɗe a 1970, ga cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ga sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai. Dukiyar tana nan, amma babu dandali ɗaya da ya haɗa fihirisoshin waɗannan wurare. Sakamakon haka, ya fi sauƙi mutum ya san abin da Bature ya rubuta game da Kano ya aika Landan, a kan ya san abin da Kanawa suka rubuta suka bari a gida. Tarihin da ake rubutawa kuwa yana bin takardun da aka iya samu.

Masu ja da wannan ra'ayi sukan ce mai bincike takardar yake son gani, don haka a zuba kuɗin wajen ɗaukar hoto. Hujjarsu tana da ƙarfi inda gara da laima suke cin takarda, kuma shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya yi aiki mai kyau a Nijeriya da Mali da sauran ƙasashe. Sai dai hoto dubu ɗari da ba a bayyana ba bai fi akwatin da ba a bayyana ba, an dai mayar da duhun cikin kwamfuta. Babu kuma taskar da ta ɗauki hoton duk abin da take da shi, har masu arziki, domin yawan takardun ya fi ƙarfin kasafi. Bayani kuwa yana da arha. A 2005 Mark Greene da Dennis Meissner sun wallafa wata maƙala da ta girgiza masu wannan sana'a a Amurka, inda suka nuna cewa tsananin ƙwaƙƙwafi wajen tsara kowace takarda shi ke sa tarin akwatuna su yi shekaru a kulle. Shawararsu ita ce a yi wa kowane tari taƙaitaccen bayani tukuna, a zurfafa daga baya. Fihirisa ce ma take nuna abin da ya cancanci a ɗauki hotonsa da farko, domin daga ita ake gane abin da jama'a suke nema.

Wasu kuma suna cewa zamanin fihirisa ya wuce, ƙirƙirarriyar basira za ta karanta komai ta ba da amsa. Na'ura tana iya taimakawa wajen karanta bugun tafireta, kuma ya kamata a yi amfani da ita. Amma rubutun hannu na ajami, mai salon Magaribi da wasulan da kowane malami ya sa yadda ya saba, har yanzu aiki ne mai wuya gare ta. Ko da ta karanta, ba za ta faɗi daga wane gida takardar ta fito ba, ko wane fayil ne ke gabanta da bayanta, alhali wannan asalin shi ke ba takarda nauyin hujja. Sannan akwai matsalar sunaye. Mutum ɗaya zai fito a matsayin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a rubutun Hausa, Usman dan Fodio a takardun Turawa, Uthman ibn Fudi a fihirisar masana Larabci. Gari ɗaya ne Sokoto da Sakkwato. Dandali nagari yana riƙe da rajistar sunaye da ke haɗa waɗannan duka, yana kuma karɓar haruffa masu ƙugiya da na Larabci. Wannan aikin masani ne da ya san mutanen da wuraren, kuma ita na'urar sai an ba ta irin wannan bayani take iya amsa daidai.

Akwai damuwa ta uku, kuma ita ce ta fi cancantar a saurara: sabuntawa tana iya yin ɓarna. Idan aka canza dandali, adireshin da marubuta suka ambata a littattafansu yakan mutu, bayanai su ɓace wajen ƙaura, ƙananan cibiyoyi marasa ma'aikatan kwamfuta su kasa bin sabon tsari. Wannan gaskiya ne, amma zama kan tsohuwar manhaja ya fi haɗari. A watan Oktoba na 2023 masu kutse suka afka wa Ɗakin Karatu na Birtaniya, babban kundinsa na intanet ya yi watanni a rufe, kuma rahoton da ɗakin karatun ya fitar da kansa a 2024 ya amsa cewa tsofaffin tsare-tsaren kwamfutarsa sun ƙara munin ɓarnar da jinkirin farfaɗowa. Abin da ake buƙata shi ne sabuntawa mai sharuɗɗa: kowace fihirisa ta sami lamba ta dindindin, tsohon adireshi ya riƙa kai mutum sabo, bayanan su zauna cikin tsarin da kowa zai iya kwafa ya ajiye, kuma a ba ƙaramin gidan tarihi hanyar cike fom mai sauƙi ya wallafa abin da yake da shi.

Babu abin da ya fi ƙarfinmu a nan. Manhajoji irin su AtoM da ArchivesSpace kyauta ne, ƙa'idojin bayani kuma a buɗe suke. Fihirisoshin da aka buga da tafireta suna nan a kan kanta, aikin farko shi ne a shigar da su kwamfuta, kuma ɗaliban tarihi da na kimiyyar laburare a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri za su iya yi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan taska. Abin da ya rage shi ne hukuma guda ta ɗauki nauyin dandalin, da kasafi na kowace shekara don kula da shi, domin irin waɗannan ayyuka sukan mutu ne ranar da tallafin waje ya ƙare. Asusun TETFund na Nijeriya yana ba jami'o'i kuɗin bincike da na ɗakunan karatu, kuma dandalin fihirisa na haɗin gwiwa ya dace da wannan manufa. Duk gwamnatin jiha ko jami'ar da aka kawo wa shawarar sayen na'urorin ɗaukar hoto, ta fara tambaya ko an san abin da ke cikin akwatunan, da kuma inda jama'a za su je su duba. Idan amsar a'a ce, to a fara kashe kuɗin a kan fihirisa.