Ina Littattafan Kano A Makarantunmu?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa mun ga gara mu fito da ita fili, ko da za ta ɓata wa waɗansu rai. Mu malaman makaranta ne na ƙasar Kazaure, muna koyarwa a wajajen Achilafiya. Daga nan zuwa Kano ba wata tafiya ba ce. Mutum ya yi asuba a gida, kafin rana ta take yana tsakiyar birni. Da wuya ka sami gida a nan, ko a Roni, ko Gwiwa, ko Babura, wanda ba shi da ɗa ko ƙane a Kano, wani ya tafi cin rani, wani almajiranci, wani kuwa ya tafi ke nan. Har zuwa 1991 da aka yanke Jihar Jigawa, mu da su a takarda abu guda ne.

To, kwanan baya muka tambayi yaran babban aji abin da suka sani game da Kano. Nan da nan hannuwa suka tashi. Wannan ya ce Kurmi, wancan ya ce Kantin Kwari, wani Dawanau, wani ya shiga lissafa 'yan ƙwallo. Sai muka ce madalla, yanzu kowa ya faɗi sunan littafi guda ɗaya wanda ya ke magana a kan Kano. Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya ta ce ita ta san ɗaya, amma tana tsoron faɗa, don a makarantar da ta baro an taɓa kama ta da shi, aka yayyaga shi a gabanta, aka kuma yi mata bulala. Da muka lallashe ta, ta ce sunansa Wa Zai Auri Jahila?

Ku duba fa. Littafin da aka doke ta dominsa labari ne na yarinyar ƙauye da aka cire daga makaranta aka aurar ga tsoho, ta gudu Kano wurin 'yar'uwar ubanta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Watau a cikin makaranta aka hukunta ɗaliba saboda ta karanta littafin da ke yabon makaranta. In wannan bai isa abin kunya gare mu malamai ba, ba mu san abin da zai isa ba.

Masu jayayya da mu iri biyu ne. Na farko su ne masu cewa ai Kano garin ciniki ne, ba garin alƙalami ba, mai son littafi ya nufi Sakkwato ko Zariya. Waɗannan jahilci ne kurum ya ke damunsu, maganinsu kuwa mai sauƙi ne. Tun a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Maghili ya sauka Kano ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, yadda za su tsare shari'a da yadda za su riƙe dukiyar jama'a. Ga kuma Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, ya kawo labarin Barbushe da Dutsen Dala, da zuwan Wangarawa a zamanin Yaji. Palmer ya juya shi Turanci a 1908, daga baya aka juya shi Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka buga kashi biyu a 1932 da 1933. Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta labarin jihadi a Kano. Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya ƙare rayuwarsa a Kete Karachi ta ƙasar Gana a 1934, ya bar rubutu mai yawa a kan sana'o'in Hausawa da al'adunsu. Alhaji Abubakar Dokaji ya fitar da Kano Ta Dabo Cigari a 1958. Mudi Sipikin ɗan birni ne, Aƙilu Aliyu kuwa daga Jega ya zo ya zauna, dukansu biyu a Kano suka yi waƙoƙinsu. Garuruwa nawa ne a ƙasar baƙar fata za su iya aza irin wannan a kan tabarma?

Baƙi ma ba su bar ta ba. Clapperton ya shigo a 1824. Bajamushen nan Barth, wanda ya ke yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo a watan Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, ya bi kasuwa yana tambayar kuɗin kowane abu, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yaron nan Bahaushe da ya bi shi har Ingila, watau Dorugu, shi ma ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, aka buga a 1885, a Kano kuma ya rasu a 1912. Ko Cyprian Ekwensi, wanda ba Bahaushe ba ne, da ya tashi rubuta labarin ramuwar gayya na Malam Iliya, wanda ya fito a 1960, a Kano ya kafa shi.

Iri na biyu su ne masu wuyar sha'ani, domin masu ilmi ne, da yawansu ma mun zauna aji ɗaya da su a kwalejin horon malamai. Su ba su musun akwai littattafai. Abin da su ke cewa shi ne, littattafan Kano kashi biyu ne: na ƙwarai, watau na tarihi da na malamai, sa'an nan na banza, watau ƙagaggun labaran da aka soma bugawa tun shekarun 1980, waɗanda aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano. Na farko a ajiye, na biyu a kore. A kan wannan ra'ayi ne har aka kai ga cinna wa tarin littattafai wuta a bainar jama'a a Kano a 2007, ko da ya ke tun 2001 akwai hukumar da aka kafa musamman don tacewa.

Mu kuwa muna cewa wannan rabo kuskure ne, ga kuma dalilinmu. Ɗauki Tarihin Kano ka karanta daga fari har ƙarshe. Za ka ji wane ya yi sarauta shekara kaza, ya yaƙi Katsina, ya yaƙi Kwararrafa, ya ƙara ganuwa, sunan uwarsa wance. Amma me matar ɗan koli ta dafa a ranar da aka ci yaƙin? Wa ya ciyar da 'ya'yan waɗanda ba su dawo ba? Bai faɗa ba, ba kuwa laifinsa ba ne, ba wannan ya sa gaba ba. Ɗauki Barth. Ya ƙidaya turkudi da takalma da goro, amma iyakarsa zaure, ba wanda ya ce masa bismilla zuwa cikin gida. Sai ka zo kan Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, sa'an nan ƙofar tsakar gida ta buɗe. Ga Rabi, matar wani ɗan kasuwa, mai 'ya'ya tara, miji ya auro wata ya kore ta, ta koma sayar da abinci tana biyan kuɗin makarantar yara da gumin goshinta. Wane malami ne a cikinmu bai san Rabi ba? Rabin ɗaliban da ke zuwa mana ba su karya kumallo ba 'ya'yanta ne. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, matan Kano kuwa sun yi shekaru ɗaruruwa a cikin ɗakin kafin wata ta sami alƙalami ta nuna wurin. Yanzu da ta nuna, sai mu ce a ƙone?

Abin da zai ba ku mamaki, wannan littafi da a ke ƙwacewa a hannun yaranmu, Malam Aliyu Kamal ya juya shi Turanci, wani kamfani na birnin Chennai a ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Mutanen Indiya sun ga abin ɗauka, mu da a ke maganar gidanmu mun ce shara ce.

Kada a ce mun rufe ido. Lalle a cikin littattafan kasuwa akwai na zubarwa, ba kaɗan ba. Akwai waɗanda ba a duba rubutunsu ba ko sau ɗaya, har ba a bambanta baki da baƙi. Akwai waɗanda aka kwaso daga majigin Indiya aka sauya sunaye kurum. Akwai masu batsa, waɗanda mu ma ba za mu yarda su ƙetare ƙofar aji ba. Amma don an sami tsakuwa a shinkafa ba a zubar da buhu, tsincewa a ke yi, tsintar nan kuwa ita ce aikin da a ke biyanmu albashi dominsa. Malamin da ya yayyaga littafi bai karanta ba, ba tarbiyya ya tsare ba, ƙyuya ce ta hana shi zama ya karanta. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya shiga gidajen da babu wani littafin boko da ya taɓa shiga, mata da yawa kuwa a kan irinsa suka ƙware da karatu bayan an cire su daga makaranta. Mu da mu ke fama da yaro shekara shida bai iya haɗa baƙi ba, bai kamata mu raina abin da ya sa mutum ya kwana yana karatu da fitilar hannu ba.

Yanzu bari mu juya kan waɗancan littattafai na ƙwarai da a ke cewa a ajiye. To, an ajiye su ɗin, ajiyar da har ba mai ganinsu. Adamu Fika ya rubuta littafi a kan Yaƙin Basasar Kano da mulkin Turawa, ya fito a 1978. John Paden ya rubuta a kan ɗariƙu da siyasar Kano a 1973. M. G. Smith ya bi sarautar Kano ta shekara ɗari shida, daga 1350 zuwa 1950, littafin ya fito a 1997. Polly Hill ta zauna a karkarar Kano ta rubuta a kan arziki da talaucin manoma a 1977. Dukansu da Turanci su ke, Turancin ma mai nauyi, wanda ko mu malamai sai da ƙamus a gefe. Bayanan da ke ciki kuwa daga bakin wa aka samo su? Daga bakin dattawan Kano, da Hausa. An karɓa da Hausa, an kai waje an juya, ba a maido ba. Muna tambayar shaihunan jami'a masu yi wa marubutan kasuwa dariya: ku me kuka ba talaka ya karanta a madadin abin da kuka hana shi? Ofishin fassara na wancan zamani, da ma'aikata 'yan kaɗan, ya iya maido Tarihin Kano cikin Hausa. Yau masu digiri a fannin Hausa sun fi a ƙirga, amma ɗan sakandare a Achilafiya ba shi da inda zai karanta labarin Basasa da harshen da aka yi Basasar da shi.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu kaɗai, mutanen gefe. In ka bi yawancin littattafan nan, na tarihi da na hira, mutumin karkara ba ya fitowa sai a matsayin mai tawaye, ko ɗan dako, ko wawan da za a yi wa dariya. Yaƙin da aka yi tsakanin Sarki Ibrahim Dabo da Dantunku bayan 1819, a idon birni bore ne, a bakin tsofaffinmu kuwa shi ne mafarin sarautar Kazaure. Dalar gyaɗar da a ke buga hotonta a littattafai, ba a cikin ganuwa aka noma ta ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kakanninmu da makamantansu ne suka yi ta kai ta bisa jakuna da raƙuma. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi ya lura da wannan, ya shirya wasan kwaikwayo mai suna Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba, a kan yadda a ke damfarar baƙauye in ya shigo kasuwa. Wani zai ce, to, in haka ne don me za mu ba yaranmu littattafan da ba su ga girmansu ba? Don su karanta su ji haushi, su ɗauki alƙalami. Wanda bai ji abin da aka faɗa a kansa ba, ta ina zai mai da jawabi? Kano tumbin giwa ce, gaskiya ne, amma ciyawar da ta cika tumbin daga nan ta tafi, ya kamata a sami wanda zai rubuta wannan.

Abin da mu ke roƙo ba mai yawa ba ne. Kowace makaranta ta ƙasar nan ta sami akwati guda, a zuba littattafan Kano iri iri a ciki, na tarihi da na waƙa da na wasa da na tafiye-tafiye da ƙagaggun labarai, ba tare da an ware ɗa da bawa ba, malamin Hausa ya karanta kowanne tukuna kafin ya ba yara. In an ce ba kuɗi, mun ga abin da a ke kashewa a kan rumfa da kujerun haya da lemo ranar ba da kyaututtuka. Rabinsa ya isa. Masu buga littattafai su sake buga tsofaffin da suka ɓace daga kasuwa. Shaihunan jami'a kuwa, ko mutum biyar ne a cikinsu, kowa ya ɗauki littafi guda daga waɗanda muka ambata ya juya shi Hausa mai sauƙi.

Mu dai a namu wurin mun soma. Mun yi karo-karo mu malamai, mun sayi akwatin ƙarfe saboda gara, mun sa yarinyar nan ta zama mai riƙe mabuɗi da littafin aro. Abin da muka nema muka rasa har yanzu shi ne Kano Ta Dabo Cigari da kashi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Duk wanda Allah ya sa yana da ɗaya daga cikinsu, ko ya tsufa, ko bangonsa ya cire, muna roƙonsa ya aiko mana aro ta hannun Edita. Za mu sa yara su kwafe shi da hannu, mu maido masa da abinsa kafin ruwa ya sauka.